Hannun da Na Ɗaure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Yaya Hindu, ɗiyar Inna Modibbo, a Bakura. Bayan sallama da gaisuwa, da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida da ɗalibai, ina roƙon ki yi mani gafara a kan wagga ɗawainiya. Ni ce Taiba, 'yar rundawa da ke zama bayanki a ɗakin karatun Inna. Shekara goma sha ɗaya ban taka Bakura ba, ta'aziyyar Inna ma da aike na yi ta, yau kuma na turo maki tarin takardu kamar ina da wani hakki a kanki. Ba ni da shi.

Ƙanena Nasidi, ɗan damben nan, yana tsare a Gusau a kan ran Gajere makaɗi. Na san labari ya iso ku. Abin da ke cikin takardun ga don kaina na rubuta shi, a ranakun da babu wanda zan yi wa magana. Ban gyara komi ba, ban cire komi ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe, can tambayata take.

Laraba, 3 ga Safar 1399, da hantsi

An kai Gajere makwancinsa da safe. Daga tsakar gida na ji wucewar mutane, ban leƙa ba.

Na dama kunu na mutum biyu. Sai da na zuba a ƙwarya ta biyu na tuna. Na rufe shi da faifai, yana nan.

Jiya warhaka Nasidi na bakin ƙofa yana shan hantsi. Da azahar anka zo anka ce mani ya naushi Gajere a kasuwa, naushi ɗaya, Gajere ya faɗi da ƙeya a kan dutsen da mahauta ke wasa wuƙa. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. 'Yan sanda sun iske Nasidi a wurin, bai gudu ba, wai yana ta zagaye kamar mai jiran abokin karawa ya tashi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laraba, bayan la'asar

Ba wanda ya yi sallama.

Alhamis, 4 ga Safar, bayan azahar

Na je caji ofis. Saje baƙo ne, amma mutumin kirki, ya ba ni benci. Ya jawo aljihun tebur ya fito da ƙyallen da zaren, ya shimfiɗa su gabana.

"Malama, kin san waɗannan?"

Na ce na san su.

"Na wane ne?"

"Na Nasidi ne."

"To kin gani. Mutum ya tashi da safe, ya naɗe hannu, ya ɗaura zaren dambe, ya nufi inda ya san zai sami mutumin. Ko a garinmu wannan shiri ake ce masa."

Na ce Nasidi ba shi da lafiya, shekara biyu ke nan. Ya ce wannan sai a gaban alƙali. Na zauna ina jira ya ƙara tambaya. Bai ƙara ba.

Sun bar ni na gan shi ta tagar ƙofa. Hannun dama na ta rawa, ya matse shi tsakanin gwiwoyi. Ya ce, "Yaya, kin ɗaure awaki?" Awakin tungarmu yake nufi, ta bayan Maradun, wadda ruwan dam ya shanye tun damina. Na ce na ɗaure. Allah ya yafe mani wagga.

Juma'a, 5 ga Safar, da hantsi

Tun asuba nake tuna mafarin abin.

Mu rundawa fawa ce sana'armu, dambe kuma gadonmu. Baba ya yi, kakanmu ya yi. Amma dambenmu na kaka ne, a bakin gulbi ko a gonar da anka girbe, inda in mutum ya faɗi rairayi zai tarbe shi. Shekara biyu da sunka wuce leburorin dam sunka shirya dambe a sansaninsu, a wani fili da injin kamfani ya daddaɓe da marmara don ajiye motoci. Nasidi ya taka filin da diddige, ya ce shi ba ya dambe a kan daɓe, ya fara kwance hannu. Gajere, makaɗinsa tun yana saurayi, sai ya saki takensa a kalangu gaban jama'a. Kowane ɗan dambe da kiɗan da anka yi domin shi kaɗai, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya sani, ba a jin take a zauna. Ya tsuma, ya yi kirari, ya shiga.

A turmi na biyu ya faɗi da ƙeya.

Kwana uku bai san inda yake ba, jini na fita ta kunne. Da ya farka, da rabinsa ya farka. Wata rana ya san ni, wata rana ya kira ni Inna, ya ɗauka uwarmu ce. Ya yi salla raka'a bakwai, ya yi kuka ba dalili, farfaɗiya ta kayar da shi a bakin murhu. Matarsa ta yi haƙurin wata bakwai, iyayenta sunka zo sunka tafi da ita, ban ga laifinsu ba. Da anka tashi tungarmu saboda ruwa, kowa na ta kansa, na ɗauko shi nan Mafara. Maigidana Malam ya rasu, Allah bai ba mu ɗiya ba, ɗaki na nan ba kowa. Na ce Allah ne ya haɗa marasa kowa biyu.

Lahadi, 7 ga Safar, bayan la'asar

Matan da ke zuwa ɗaukar karatu ba su zo ba yau ma. Allunansu goma sha huɗu na jingine da bango. Cikinsu Nagode kaɗai ta aiko, wai maigidanta ya ce ta dakata tukuna. Na share inda suke zama, na shimfiɗa tabarmi da azahar, yanzu na naɗe su.

Talata, 9 ga Safar, gab da magariba

Ranar kasuwa. Baba Falalu, Sarkin Fawa, ya biyo bayan an tashi. Ya zauna a zaure, na gaishe shi daga bayan asabari. Mun daɗe cikin gaisuwa, kowa na tsoron abin da ke bayanta.

Ya ce, "Ɗiyata, da idona na ga abin ga. Kin san Gajere, Allah shi jiƙan shi, bakin shi da hannun shi ba su zama wuri guda. Duk Talata sai ya biyo rumfarmu, in ya hangi Nasidi sai ya saki taken. Shi ko ya miƙe, jiki na ɓari, ya hau kirari ya manta rabi, ya riƙa naushin iska. Mutane na dariya. Ni ma na yi dariyar, ba ni ɓoye maki."

Na ce na sani. Sau biyu na aika a roƙi Gajere ya bari. Ya aiko a ce mani magani yake yi masa, ɗan dambe ba ya warkewa sai da kiɗa.

"Ranar nan ma haka. Shina kiɗa shina matsowa, shina ce mai, 'Tashi, angon daɓe, amaryarka na jira.' Sai dai ranar hannun da zare. Ƙyalle taushi gare shi, kin sani. Zare shi ka fasa kai." Ina jin yana juya sanda a ƙasa. "Sajen ga ba ɗan gado ba ne. Bai san zare ba ya ɗauruwa da hannu guda ba. Mu ko ba mu ce mai ba. Ke dai in an tambaye ki, ki ce kullum kina naɗe mai hannu."

Na ce kullum ina naɗewa.

"To madalla. Kin ga ba ki yi ƙarya ba."

Ya bar mani tsoka a ganye. Na miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Sun karɓa, sun gode, ba su shigo ba.

Alhamis, 11 ga Safar, da safe

Sun tafi da shi gidan yari na Gusau. Na isa da fura, na iske mota ta tashi.

Asabar, 13 ga Safar, da hantsi

Wanga lokaci ne nake naɗe masa hannu.

Watan farko da na kawo shi hannun ba ya barin rawa, shi kuma in ya kalle shi sai ya firgita ya nemi hanyar waje. Na yi rubutu ya sha, na yi tofi, an kawo saiwoyi daga Dosara. Wata safiya na ga tsohon ƙyallensa cikin jaka, na ce bari in gwada. Ina gama naɗewa ya yi ajiyar zuciya, ya ɗora hannun a gwiwa, ya ce, "Yauwa." Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Tun daga nan kullum da hantsi sai ya miƙo mani hannu kamar mai jiran lalle, ina naɗewa ina karanta masa Fatiha da Ƙula'uzai.

Ƙyalle kawai. Zaren na ɓoye shi a ƙasan adudu, ƙarƙashin rawanin Malam. Wata goma sha shida, ƙyalle kawai.

Litinin, 15 ga Safar, bayan magariba

Yanzu na dawo daga Gusau. Gwamnati ta ba shi lauya, Mamuda sunansa, mai tabarau da saurin magana.

Ya ce, "Hajiya." Na ce ban je ba tukuna.

"To, Malama. Maganar guda ce. In kotu ta yarda ya san abin da yake yi lokacin da ya kai naushin, rataya ce. In ta yarda hankalinsa ba ya jikinsa, za a ajiye shi inda ake ajiye marasa lafiya, ki riƙa kai masa furarki. 'Yan sanda ba su da komai sai hannun nan. Ke za ki karya maganar hannun."

Na ce mu ma an karantar da mu ba a rubuta laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe. Amma na Nasidi yana tafiya yana dawowa. Na ce, in mutum nasa ya dawo da safe ya tafi da rana fa?

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malama, kotu ba makaranta ba ce. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa. Wanda ba a tambaya ba, ki baro shi a Mafara."

"Za a ba ni Alƙur'ani?"

"Za a ba ki."

"In rantse a kan mi?"

"Cewa za ki faɗi gaskiya, dukanta."

"Dukanta?"

"Haka dai ake faɗa," in ji shi, ya mayar da tabarau.

Ban ga Nasidi ba, ba ranar ziyara ba ce.

Laraba, 17 ga Safar, bayan la'asar

Na je gidan Gajere. Kwana goma sha biyar ina ɗaura niyya ina kwancewa. Gimbiya, matarsa, na cikin takaba, ɗiyanta uku kewaye da ita. Kalangun na rataye a bango.

Na yi ta'aziyya. Ta amsa gaisuwata duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da na yunƙura zan tashi ta ce, "Malama, zauna."

Na zauna.

"Na hana shi. Na ce mai, Gajere, mutumin ga kai ka tura shi daɓen nan, ka bar shi da abin da Allah ya bar mai. Ya ce in ya daina yi mai kiɗa, wa zai tuna Nasidi ya taɓa zama wani abu? Kin ji hankalin maza." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin zane. "Shekara ashirin ina gidan makaɗin 'yan dambe. Na san abin da Saje bai sani ba. Ban ce ki faɗa mani ba. Amma ɗiyan ga za su girma su tambaye ni, mai hankali ne ya kashe ubanmu ko marar hankali. Amsa guda nika son in ba su."

Na ce Allah ya ba mu haƙuri. Ta ce amin.

Ban san yadda na kawo gida ba.

Alhamis, 18 ga Safar, bayan asuba

Na ɓace a tsakiyar surar da na haddace tun ina shekara tara. Sau uku ina komowa farko.

Lahadi, 21 ga Safar, da hantsi

Na naɗe tsohon ɗankwali a hannuna na zauna da shi har azahar. Ban san dalili ba.

Talata, 23 ga Safar, bayan azahar

Lauya ya aiko da saƙo ta hannun Shehu direba. Likita ya duba Nasidi. Ya tambaye shi sunansa, garinsu, ranar mi ce, ya amsa duka daidai, har ya gaishe shi da gajiya. Likitan ya rubuta cewa akwai tabon tsohon rauni a kai, amma a ranar da ya gan shi yana cikin hankalinsa.

Wata goma sha shida ina roƙon Allah ya ba shi yini cikakke. Ya ba shi ranar likita. Astagfirullah, ba ni da ta cewa a kan hukuncinSa.

Lauya ya ce yanzu komi ya dawo kaina, kuma in nemo wanda ya ga faɗuwarsa a sansani.

Juma'a, 26 ga Safar, bayan magariba

Na je Maradun wurin Kawu Zubairu, shi ya ɗauko Nasidi daga filin ranar. Unguwar da anka zuba mutanenmu gidaje ne a jere kamar an yanka da wuƙa, ba icen inuwa ko ɗaya. Sau biyu ina wuce ƙofarsa ban gane ba.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Taiba, dube mu. Gona ta tafi, kabarin ubanki na ƙarƙashin ruwa, kullum muna taro a kan hakkinmu, 'yan sanda na rubuta sunan duk wanda ya ɗaga murya. Yanzu ki ce in kai kaina kotu da ƙafata?"

Na ce shaida ce kawai.

Ya ce, "Ke dai kin yi karatu, komi a wurinki shaida ne."

Daga baya ya ce zai yi tunani. Matarsa ta ƙulle mani daddawa.

Kafin mota ta cika na taka har inda ake hango ruwan. Kan kukar tungarmu kaɗai ya rage a waje, da balbela a kai. Daga nan na yi wa Baba da Inna addu'a, ina fuskantar wajen da nake zato.

Talata, 1 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Sammaci ya zo. Alhamis, goma ga wata, gaban majistare a Gusau. Abin da na faɗa ranar shi za a rubuta a kai babbar kotu. Kawu bai aiko ba.

Alhamis, 3 ga Rabi'ul Awwal, bayan magariba

Na gan shi. Ya rame, an aske masa kai, tabon ya fito fili. Wani gandiroba mai tausayi ya bar ni na naɗe masa hannu da ɗankwalina ta tsakanin ƙarafa, ya ce in kwance kafin in tafi. Hannun ya natsu. Ya daɗe yana kallona.

"Yaya Taiba, kin rame."

Na ce azumi nake, kuma azumin nake.

"An ce za su ba ki Alƙur'ani." Muryarsa ce ta dā, ta kafin daɓe. "Kar ki ci wuta saboda ni. Ni na riga na faɗi. Kar mu faɗi mu biyu."

Na ce a raina, to ga shi, ya sani, ya san komi.

Sai ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ki biya ki gaya wa Gajere ya zo da kalangu da wuri. Mutanen ga sun tara 'yan dambe da yawa a nan, ba makaɗi ko ɗaya."

Da zan kwance, ya riƙe bakin ɗankwalin, sai da gandiroba ya sa hannu.

Juma'a, 4 ga Rabi'ul Awwal, bayan azahar

Sau uku na tsoma alƙalami in rubuta safiyar Talatar nan. Gobe.

Asabar, 5 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

To.

Ranar Talata biyu ga Safar ya riga ni tashi. Na iske ya yi alwala daidai, ya yi salla raka'a biyu, ba ƙari ba ragi. Ya gaishe ni da kwana. Ya ce, "Yaya Taiba, bana shekara nawa da rasuwar Inna?" Na faɗa masa, ya yi mata addu'a. Ya ce ya san tunga ta nutse. Ya ce ya san wahalar da nake sha da shi, Allah ya biya ni. Tun da na kawo shi ban ji magana mai kai da gindi irin wagga a gidan ga ba. Na shiga ɗaki na yi sujada, na yi kuka.

Da hantsi ya miƙo hannu, na naɗe ƙyalle. Sai ya ce, "Ina zarena? Ɗaura mani yau, in ji ni mutum."

Na ce, mi za ka yi da zare?

Ya yi dariya irin tasa ta dā. "Ko kin manta ne, ke da Baba ke yabo?"

Ban manta ba. Duk kakar da na zo gida daga Bakura ni ke ja wa Baba zare, yana cewa hannun mai rubutu ya fi iya ƙulli. Na buɗe adudu, na ɗaga rawanin Malam, na ɗauko. Na ɗaura shi yadda ake ɗaurawa, ƙulli a kan gaɓoɓi, na ja bakin da haƙori. Da murna nake ja. Ya juya hannun ya duba, ya ce ko na Baba sai haka.

Yana bakin ƙofa ya ce, "Yau Talata ko?"

Na ce Talata.

Ya ce, "Gajere na nan zuwa ke nan."

Ban san yadda ya faɗe ta ba. Na juya ta ta kowace fuska. Wata rana in ji ta kamar ta mai ɗokin ganin aboki, wata rana kamar ta wanda ya gama shawara. Na ji ta da kunnena, na koma wanke-wanke.

Lahadi, 6 ga Rabi'ul Awwal, bayan azahar

Yaya Hindu, yanzu da ke nake.

Kin ji duka. In na ce kullum ina naɗe masa hannu na yi shiru, ban yi ƙarya ba, kuma ana sa ran zai rayu. In na ƙara da zaren, da safiyar, da maganar bakin ƙofa, na san inda za su kai shi.

A tabarma guda Inna Modibbo ta karantar da mu cewa mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Ita ce kuma ta karantar da mu cewa kokwanto yana tunkuɗe hukunci, gara alƙali ya yi kuskure wajen yafewa da ya yi wajen kisa. Ni kuwa ban san ko yana cikin hankalinsa ba lokacin da kiɗan ya tashi. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, hannuna ne ya ja zaren. Ina kuma tsoron kada son shirun nan ya zama don kaina ne, ba don shi ba.

Ga tambayar. Wanda ya ji magana bai san manufarta ba, ya rantse zai faɗi gaskiya dukanta, ba a tambaye shi ita ba, ya yi shiru: ya ɓoye shaida? Kada ki duba zumunci, kada ki tausaya mani. Ki duba littattafan Inna. In akwai ƙofa ki nuna mani ita da hujjarta. In babu, ki ce babu.

Ban tambayi malaman Mafara ba, don duk wanda na tambaya na ɗora masa nauyin. Ke ma na ɗora maki, ki yafe mani.

Shehu direba zai kawo maki wannan gobe Litinin, zai sake biyowa Bakura ranar Laraba da safe. Motar Gusau tana tashi Alhamis bayan asuba. Na san halina, Yaya. In takardarki ba ta zo ba, anka ɗora mani Alƙur'ani a hannu, zan faɗi duka, har abin da ba a tambaye ni ba.

Don Allah ki amsa mani kafin ranar Laraba ta faɗi.

Taiba, Talata Mafara.